Rabin wuni guda domin yara: a bar rumfa, a nufi Muze

Duk wanda ke zuwa Babbar Kasuwa ta Yamai, ko Katako, ko Wadata a lokacin babban hutun lakwal, ya san abin da muke faɗi. Tun daga watan Yuli har ƙarshen Satumba za ka tarar da yara zube a gindin tebur, wasu na barci bisa buhuna, wasu an aza masu tiren talla, wasu kuwa sun ƙura wa salular uwarsu ido tun hantsi har marece. Waɗanda aka bari a gida su ne ke sulalewa zuwa bakin kogi ko kududdufan unguwa, alhali a watannin Agusta da Satumba ne ruwa ke cika yana ta'adi, kamar yadda muka gani a ambaliyar shekarar 2020.

Mu ƴan kasuwa mun san hujjarmu: in an rufe rumfa, ciniki ya wuce. Gaskiya ne. To amma yaron da ya tashi bai san komi ba sai hanyar gida da ta kasuwa, wannan ma hasara ce, kuma ba a mayar da ita da ribar gobe. Abin da muke kira gare shi kaɗan ne: rabin wuni guda a wata.

Wurin zuwa kuwa ba ya da nisa. Gidan adana kayan tarihi na ƙasa, wanda kowa ke kira Muze, yana nan tsakiyar birni kusa da inda Ƙaramar Kasuwa take kafin gobarar 2012. An buɗe shi a 1959, kuma yana ɗauke da sunan marigayi Bubu Hama, wanda ya daɗe yana shugabantar Majalisar Dokoki. Da yawa daga cikinmu kullum muna wucewa ta ƙofarsa cikin taksi ko faba-faba, amma rabonmu da shiga tun muna ƴan lakwal.

Abin da yara suka fi so shi ne namun daji: zaki, kura, dorina, kada, birai da jimina. Yaron da ya sha jin labarin kura a gatana, ran da ya gan ta ido da ido ba zai manta ba. Daga nan sai a kai su wajen ƙasusuwan manyan dabbobin dā da aka tono a Gadufawa cikin jihar Agadas, har da na wani ƙaton kada da masana suka ce ya rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da hamadar nan take da koguna. Akwai kuma busasshen iccen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin rairayi yana nuna wa ayarin gishiri hanya, har wata mota ta kayar da shi a 1973 aka kawo shi Yamai. Ɗan falke ya kamata ya san wannan icce.

Kada a fita ba a ratsa ta wajen masu sana'a ba. Dukawa, maƙera da masaƙa suna aikinsu a fili, yaro na kallon yadda fata ke zama jaka, azurfa ke zama zobe. Akwai kuma irin ɗakunan Hausawa, Zabarmawa, Filani da Buzaye, da tufafinsu da kayan kiɗansu. A nan ne uwa za ta iya nuna wa ɗiyarta irin ɗakin da kakarta ta zauna a ciki.

Ga wasu shawarwari domin fitar ta yi daɗi. Da farko a zaɓi rana. Ranakun salla Muze na cika maƙil, yara na ɓacewa cikin turmutsutsu, saboda haka gara ranar da ba ta biki ba, kuma wadda ciniki ya saba yin sanyi. A watannin Afrilu da Mayu zafi na zarce digiri 40, sai a fita da sassafe a dawo kafin azahar. Lokacin ɗari ya fi kowane daɗi. A ɗauki ruwan sha da abinci daga gida, ko dambu ne ko fanke, domin sayen kayan kwaɗayi a hanya shi ke cinye kuɗi fiye da tikitin shiga. A rubuta lambar salula a takarda a sa wa ƙanana cikin aljihu. A kuma ja kunnensu: ba a miƙa hannu cikin kejin dabba, ko da biri ne.

Batun rumfa kuwa, abin da muke yi a adashi shi za mu yi a nan. Maƙwabta huɗu su haɗa kai, wannan mako ɗaya ta kwashi yaran duka, sauran su tsare mata kaya, mako na gaba wata ta karɓa. Kowace ta riƙa aje dala ashirin a rana, kafin wata ya ƙare ta tara jika uku. Su ma iyaye maza kada su noƙe su ce aikin mata ne.

Mutanen sauran garuruwa ma suna da nasu. A Damagaram ga fadar Sarki da tsohuwar unguwar Birni da duwatsunta. A Maraɗi ga tabkin Madarunfa kudu da gari, a je da babba, a tsaya a gaɓa. In lokacin kokowa ya zo, ga filayenta.

Kasuwa tana nan gobe da jibi, ƙuruciya ce ba ta jira. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a nemanmu.