Takardar Shaidar Labarin Ƙasa: Abin Da Take Ci Da Abin Da Take Kawowa

Kowace shekara, in lokacin neman shiga manyan makarantu ya zo, iyaye da yawa sukan tambaya ko akwai riba a tura yaro Kwalejin Ilimi ya karanta Labarin Ƙasa, wato fannin da ake koyar da yanayin ƙasa da ruwa da iska, da taswira, da yadda jama'a suke zaune a bisanta. Kafin a ba da amsa, wajibi ne a zauna a yi lissafi.

Takardar shaidar malanta ta NCE shekara uku ake yi kafin a same ta. Kuɗin rajista ya bambanta daga wannan kwaleji zuwa waccan, amma sau da yawa ba shi ne ya fi nauyi ba. Akwai masauki da abinci da kuɗin mota da littattafai. Ɗalibin Labarin Ƙasa kuma yana da ƙarin ɗawainiya, domin za a fita da shi duba duwatsu da koguna da kwazazzabai, ga kuma watannin gwajin koyarwa.

Akwai wani kuɗi da ba ya fitowa daga aljihu, shi ya sa ake mantawa da shi, wato abin da saurayi ko budurwa za su samu da a ce aiki suka kama. A shekarar 2024 aka tsai da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a wata. A wata 36, wannan ya kama naira 2,520,000. Gaskiya ne ba kowane mai takardar sakandare ne zai sami aikin da ke biyan haka ba, amma wanda yake da sana'a a hannu, ko gona, ko shago, ya kamata ya sa wannan cikin lissafinsa. A shekarar ce kuma aka sa hannu a kan dokar bashin karatu marar ruwa, wanda asusun NELFUND yake bayarwa. Sauƙi ne babba, sai dai bashi ne, kuma in lokacin biya ya yi za a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashin mutum.

To, me takardar take kawowa? Bisa tsarin aikin gwamnati, mai NCE yakan fara daga mataki na 07, mai digiri kuwa daga na 08. Ko wanne ne, in koyarwa zai yi, sai ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda aka kafa a 1993.

A nan ne ake son mai karatu ya natsu. An tsara NCE ne musamman domin koyarwa a firamare da ƙaramar sakandare, kuma a waɗannan azuzuwa ba a koyar da Labarin Ƙasa shi kaɗai. An cusa shi ne cikin darasin zamantakewa. Sai a babbar sakandare yake tsayawa da ƙafarsa, inda kuwa aka fi neman masu digiri. Da yake akasari ana haɗa shi da wani fanni na biyu a kwaleji, sau da yawa wannan na biyun ne yake samar wa ɗalibi aiki. Saboda haka kada a zaɓe shi da wasa. Wanda yake da niyyar ci gaba yana iya shiga jami'a kai tsaye ta hannun JAMB, galibi daga aji na biyu, amma ya sani shekara shida ke nan zai yi kafin digiri, maimakon huɗu.

Wasu kuma sukan ɗauka cewa duk wanda ya karanta Labarin Ƙasa ya zama safiyo. Ba haka ba ne. Auna filaye aiki ne na waɗanda hukumar SURCON ta yi wa rajista, kuma karatunsa daban ne, kamar wanda ake yi a Makarantar Safiyo ta Tarayya da ke Oyo. Ƙofar da ta fi kusa da ɗalibinmu ita ce zana taswira da kwamfuta da hotunan tauraron ɗan Adam, abin da ake kira GIS. Ofisoshin filaye irin su AGIS a Abuja da KADGIS a Kaduna da shi suke aiki, haka ma Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa wajen shata yankunan ƙidaya. Cibiyar AFRIGIST da ke Ile-Ife tana ba da horo a kan wannan fanni.

Kafin a biya ko kwabo, uba ko mariƙi ya je kwalejin da kansa ya tambaya ko hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi ta amince da kwas ɗin, ya nemi sanin fannonin da ake haɗa shi da su, sa'an nan ya roƙa a nuna masa ɗakin taswira, ya ga ko akwai kwamfutocin da ɗalibai suke taɓawa da hannunsu.