An Jona Waya Mota Ta Tashi: Batirin Ya Warke, Ko A Sayi Sabo?

'Yan uwa ɗalibai, da yawa cikinmu ba mu da mota, amma kusan kowa yana da wanda yake da ita a gida, kuma da zarar an ji kana karatu a foli, kai ake juyowa a tambaya idan ta ƙi tashi. Ni daga Riko nake, a ƙaramar hukumar Jibiya, kuma tambayar da na fi sha daga direbobinmu masu jigila tsakanin Katsina, Magama da Maraɗi ita ce: "An jona mini waya ta tashi, to batirin nan zai ci gaba ko in nemi kuɗin sabo?"

Amsar a taƙaice ita ce, jona waya tayar da inji kawai yake yi, ba ya gyara batir. Kafin a yanke hukunci sai an san abin da ya kashe shi tun farko.

Me ke cikin akwatin?

Batirin mota tsohuwar fasaha ce. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙirƙiro irinsa a 1859. A ciki akwai ɗakuna shida, kowanne da farantan dalma a jiƙe cikin ruwan asid, kowane ɗaki yana ba da kusan bolt 2.1. Idan aka haɗa su, cikakken batir yana nuna bolt 12.6. Babban aikinsa na 'yan daƙiƙoƙi ne: ya juya kikistata. Inji na tashi, altanato ke karɓar ragama, ya ba fitilu da sauran kaya wuta, ya kuma mayar wa batir abin da ya kashe.

Duk sanda batir ya sauke wuta, wani farin gishiri da ake kira salfet yana taruwa a jikin farantan. In an yi masa caji da wuri, gishirin ya narke, komai ya koma daidai. In kuwa aka bar shi babu wuta na makonni, gishirin ya daskare, wannan ɓangaren farantin ya daina aiki har abada. Nan ne asalin mutuwar yawancin batura.

Mu 'yan bakin iyaka mun ga wannan da idonmu. Da aka rufe boda a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, wadda sai a Maris 2024 aka buɗe, motoci da yawa sun yi zaman dirshan ba aiki. Motar da aka ajiye tana ci gaba da shan wuta kaɗan-kaɗan ta agogo, rediyo da ƙwaƙwalwar mota, shi kansa batirin kuma yana zubar da wuta ko ba a taɓa shi ba. Wanda ya cire kan batir, yana kai shi caji lokaci-lokaci, ya tsira da nasa. Wanda ya rufe mota ya tafi, ko an jona masa ta tashi, bayan kwana biyu sai ka ji ƙyas-ƙyas.

Shekara nawa ya kamata ya yi?

Masu ƙera batir sukan ce shekara 3 zuwa 5. Wannan lissafin ƙasashe masu sanyi ne. Abin da aka sani shi ne, duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 a kan digiri 25 yana raba rayuwar batirin dalma gida biyu. A nan kuwa, a watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet. Zafi yana ƙone ruwan batir, yana cinye farantan. Ga gargadar hanya da ke girgiza shi. Don haka batirin da ya yi shekara 2 zuwa 3 a yankinmu ya yi ƙoƙari.

Mutane sukan ɗora wa hunturu laifi, don da safiyar Disamba da Janairu motoci suka fi ƙin tashi. Gaskiya bazara ce ta yi ɓarnar, sanyi asiri kawai ya tona.

Yadda za ka gane

A wajen SIWES na zauna wurin wani mai wayarin mota, kuma abin da ya fi nanata mana shi ne kada a yanke wa batir hukunci ba tare da mita ba. Awo uku ne, duk wanda ya shiga lab zai iya.

Na farko, bayan mota ta kwana a kashe, ka auna kan batir. Bolt 12.6 cikakke ne. Wajen 12.2 ya rage rabi. Ƙasa da 12.0 ya yi ƙasa sosai. In ka ga wajen 10.5 bayan an yi masa caji, ɗaki ɗaya ya mutu, babu magani.

Na biyu, ka bar mitar a jiki wani ya murza makulli. In ta faɗi ƙasa da 9.6, batirin ba shi da ƙarfin ɗaukar kaya, ko da ya nuna 12.6 a zaune.

Na uku, inji yana aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. In bai kai 13 ba, matsalar altanato ce ko fambel ya saki. A nan mutane ke asarar kuɗi: a sayi sabon batir, bayan mako guda shi ma ya mutu, a ce jabu aka sayar musu, alhali ba a taɓa yi masa caji ba.

To, in batirin bai kai shekara biyu ba, kuma an san dalili, kamar an bar fitila a kunne, a kai shi caji ya ci gaba da aiki. Amma kada a dogara da altanato. Gudun rabin awa yana iya ba shi abin da zai tashi sau ɗaya, ba zai cika shi ba. Batiri mai lamba 62Ah da ya sauke gaba ɗaya yana buƙatar awa 10 zuwa 12 a kan ƙaramin caji. In kuwa ya haura shekara uku, ko an jona masa sau biyu cikin wata guda ba dalili, ko cikinsa ya kumbura, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, a canza shi. Hanyar Jibiya, da halin tsaron da ake ciki, ba wurin da za a so mota ta mutu da magariba ba ne.

Jonawar ma da ƙa'ida

Jar waya daga kan fulos na mataccen batir zuwa fulos na mai rai. Baƙar waya daga mainos na mai rai zuwa jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir, saboda batir yana fitar da iskar haidirojin, tartsatsi ɗaya na iya fasa shi asid ya watsu a fuska. Kada a jona ƙaramar mota da tirela ko gingimari, don yawancinsu bolt 24 suke amfani da shi.

Sai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tashoshinmu: a ɗora batirin aro a tayar da mota, sannan a zare shi inji na aiki a mayar da tsohon. A tsofaffin motoci an sha tsallakewa. A motocin yanzu, wutar da ke tsalle a wannan lokacin tana iya ƙona altanato ko ƙwaƙwalwar mota, kuma kuɗin gyaransu ya fi na batir.

In za a saya

A duba lambar Ah ta dace da motar, a duba ɓangaren da fulos yake, a nemi ranar da aka ƙera shi, don wanda ya daɗe a shago ya fara tsufa tun ba a ɗora shi ba. A sa mai shago ya auna a gabanka, a karɓi rasit da garanti. Na hannu ɗan Kwatano yana da araha, amma ba ka san shekarunsa ba. In mai buɗewa ne, a riƙa ƙara masa tataccen ruwan batir kawai, ban da ruwan rijiya, ban da ƙarin asid.

Tsohon kuma a ba mai shago a rage kuɗi, kada a ajiye shi a tsakar gida ko a fasa shi inda yara ke wasa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a Zamfara. Waccan daga duwatsun zinare ta fito, amma dalmar da ke cikin batir ita ce dai gubar.

Ƙaramar mita ba ta kai kuɗin batir ko kusa ba. Duk wanda zai koma gida hutu, ya saya ya jefa a jaka.