Rufin Asiri da Kuɗin Kirifto Masu Ɓoye Mai Su

A bakin Bahaushe kalmar “asiri” tana ɗauke da ma'anoni da dama, amma mafi nauyinsu ita ce wadda ke cikin addu'ar nan, “Allah ya rufa asiri.” Mai rufin asiri shi ne wanda jama'a ba su san ƙarshen abin hannunsa ba, ko ya samu ko ya rasa. Don haka ne a kan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta wannan ma'auni za a iya gane abin da ke jan hankalin mutane ga wani irin kuɗi na intanet wanda aka ƙirƙiro musamman domin ɓoye mai shi.

Kalmar “kirifto” asalinta Girkanci ce, ma'anarta abin da aka ɓoye. Amma Bitcoin, wanda ya fito a 2009, bai cika wannan suna ba, gama kowace ma'amala tasa tana rubuce cikin wani kundi da kowa ke iya dubawa. Sunan mutum ba ya ciki, sai dai in an gane lambar asusunsa sau ɗaya, to, an gane duk shigarsa da fitarsa. Wannan aibi ne Monero, wanda ya fito a 2014, ya zo gyarawa. Ya kan gauraya sa hannun mai aikawa da na waɗansu, ya ƙago wa mai karɓa sabon adireshi kowane karo, sa'an nan ya rufe adadin kuɗin. Aƙidar masu shi ta samo tushe daga wata takarda da Eric Hughes ya rubuta a Amurka a 1993, inda ya bambanta ɓoye laifi da ikon mutum ya zaɓi wanda zai bayyana wa al'amarinsa.

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa wannan magana ta shafi rai da mutuwa. A Disamba 1920 babu wanda zai yi zaton abin da ya faru shekara ɗari bayan nan, watau ran 11 ga Disamba 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Manomin da ya sayar da masara, ko makiyayin da ya kai sa kasuwar Sheme, ya san idon ɗan rahoto na kansa, kuma labarin cinikinsa ya kan riga shi isa daji. Ga irin wannan mutum, dukiyar da ba ta ganuwa garkuwa ce.

Duk da haka akwai abubuwa uku da ya kamata a lura da su. Na farko, kuɗin ba ya motsi sai da hanyar sadarwa, ga shi kuwa a Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan uku. Na biyu, murfin da ya rufe manomi shi ne zai rufe mai karɓar fansa, shi ya sa hukumomi ke ƙyamarsa, har kamfanin Binance ya daina cinikin Monero a Fabrairu 2024. Na uku, kuma shi ne mafi girma, rufin asirin Bahaushe bai taɓa zama na mutum ɗaya ba. A kan ɓoye wa kasuwa, amma a kan gaya wa amini, a kafa shaidu, domin ranar rabon gado. Wanda ya mutu da kalmomin buɗe asusunsa na Monero a ciki, ya tafi da haƙƙin marayunsa, babu alƙalin da zai iya fito da shi.

Ashe ke nan abin da wannan fasaha ta tanada shi ne rabin ma'anar kalmar, watau ɓoyewa. Sauran rabin, wanda Hausawa ke kira amana, har yanzu sai an nemi mutumin da za a danƙa wa.