Horon likitoci kan ceton waɗanda suka ji mummunan rauni

Ya kai mai karatu, wataƙila ka taɓa raka wani ɗan'uwa gidan likita bayan haɗarin mota ko na kabu-kabu. Ƙafarsa ta karye, amma likita bai fara da ƙafar ba. Sai ya duba bakinsa, ya saurari ƙirjinsa, ya tambaye shi sunansa. Kada ka ɗauki wannan a matsayin sakaci. Tsari ne da ake koya wa likitoci a wani horo na musamman.

Me ya sa ake bukatar horon?

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekara ta 2023 ya nuna cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 kowace shekara. Ban da wannan, akwai faɗowa daga itace ko cikin rijiya, da ƙuna, da sara, da harbi. Da yawa daga cikin masu rauni suna cikawa ne a awowin farko. Abin da ke kashe su sau da yawa abu ne mai magani: toshewar hanyar iska, ko zubar jini. Mutum yana iya kwana da karaya, amma ba ya wuce ƴan mintoci babu numfashi.

Daga ina aka samo shi?

A shekara ta 1976, wani likitan ƙashi na Amurka mai suna James Styner ya faɗi da ƙaramin jirgin sama a jihar Nebaraska. Matarsa ta rasu nan take, ƴaƴansa uku suka ji mummunan rauni. A ƙaramin asibitin da aka kai su, ya ga ma'aikata ba su da shirin karɓar irin wannan rauni. Shi da abokan aikinsa suka tsara darussa, aka yi horo na farko a 1978. A 1980 ƙungiyar likitocin fiɗa ta Amurka ta ɗauki horon. Ana kiransa ATLS, kuma ya bazu ƙasashe masu yawa.

Sai dai ATLS yana da tsada. Don haka aka tsara wani horon mai suna PTC domin asibitocin da ba su da kayan aiki da yawa. An fara shi a ƙasar Fiji a 1997. Kwana biyu ake yi, kuma likitoci da malaman asibiti suna koyo tare. Daga cikinsu ake zaɓen wasu su zama masu horar da na baya.

Me ake koya musu?

Babbar ƙa'ida ɗaya ce: abin da zai fi saurin kisa, shi ake fara magancewa. In jini yana tsartuwa daga rauni, shi ake fara tsaidawa. Daga nan sai a bi matakai biyar bi da bi:

1. Hanyar iska. Likita zai duba ko jini, ko amai, ko harshe ya toshe maƙogwaro. Wani ma'aikaci yana riƙe da kai don kada wuya ya motsa. In mai rauni ya faɗi sunansa sarai, hanyar a buɗe take.
2. Numfashi. Haƙarƙari da ya karye yana iya huda huhu, iska ko jini su taru cikin ƙirji. Likita yana koyon sa allura ko tiyo don ya fitar da su.
3. Gudanar jini. Jini yana iya zuba a ɓoye cikin ciki, ko ƙirji, ko ƙugu, ko cinya. Ana neman inda yake zuba, a yi ƙarin ruwa da ƙarin jini.
4. Hayyaci. Ana duba ko mutum yana buɗe ido, yana magana, yana motsa gaɓoɓinsa.
5. Duba jiki duka. Ana cire tufafi, ko a yanke su, don kada wani rauni ya ɓuya. Sa'an nan a lulluɓe shi, domin sanyi yana hana jini daskarewa.

Ba a allo kaɗai ake koyon wannan ba. Ana gwaji da mutum-mutumin roba, ko da wani da ya kwanta kamar mai rauni, har hannu ya saba. Ana kuma koya wa likita ya gane raunin da ya fi ƙarfin asibitinsa, ya tura shi gaba da wuri.

A nan Nijar fa?

Likitocin fiɗa sun fi yawa a Yamai da manyan birane kamar Maraɗi, Damagaram da Tawa. Mutumin ƙauye yana iya yin tafiyar awowi kafin ya kai gare su. Saboda haka, a shekarun 2000 gwamnati ta soma bai wa likitoci horon fiɗa na shekara guda, domin su yi aikin gaggawa a asibitocin gundumomi.

Mene ne naka aikin?

Kafin mai rauni ya kai hannun likita, yana hannunka ne. Ga abin da za ka kiyaye:

- Danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta, kada ka saki. Kada ka zuba ƙasa, ko toka, ko garin magani.
- Kada ka ba shi ruwa ko fura. Yana iya shaƙewa, kuma wataƙila za a yi masa fiɗa.
- Kada ku ɗauke shi wani ya ja hannu, wani ya ja ƙafa. Ku shimfiɗe shi bisa katako ko ƙyaure, kai da wuya da baya a miƙe.
- In ya suma amma yana numfashi, ku juya shi bisa gefensa gaba ɗaya, wani yana riƙe da kansa.
- A cikin birni, kira masu kashe gobara a lamba 18.
- A fara kai shi gidan likita, ba wurin maɗori ba. Maɗori ba ya ganin jinin da ke zuba a ciki.

In kun isa, mutum ɗaya ya gaya wa likita abin da ya faru da lokacin da ya faru. Sauran su ba ma'aikata wuri. In an nemi jini, ku ba da. Likita mai horo ba zai iya ƙara jinin da babu shi ba.