Kafin Ƙungiyarku Ta Sayi Tsohuwar Golf

'Yan'uwa manoma, bayan girbin bana wakilan wata ƙungiyar gama kai sun zo wurinmu a Unguwar Dosa neman shawara. Sun tara kuɗin masara, suna so su sayi mota domin kai amfanin gona kasuwar Kawo da kuma ɗauko taki. Motar da suka sa wa ido ita ce Golf, wadda duk wanda ya tsaya a tashar Kawo ya san ta. Ga abin da muka faɗa musu, gama mun san ba su kaɗai ne da wannan tunani ba.

Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera Golf 3 a shekarar 1991, ya daina kafin shekarar 2000. Wato ƙaramar cikinsu ta wuce shekara 25. Yawancinsu sun gama aiki a Turai kafin a kawo su nan, shi ya sa ake ce musu 'yan Beljiyam. A can ana zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, gishirin kuwa yana cin ƙarfe. Saboda haka kada fenti ya ruɗe ku. Ku ɗaga shimfiɗar ƙasan motar, ku leƙa ƙarƙashin ƙofofi, ku ƙwanƙwasa.

Babban ciwon wannan mota zafi ne. Bututun ruwanta roba ne, mahaɗarsu a jikin inji kuma leda ce mai tauri wadda takan tsage idan ta tsufa. Ruwa ya riƙa ɗiga kaɗan kaɗan, direba bai lura ba. Fankar lagireto kuma da wuta take aiki, wani lokaci sai ta ƙi tashi. Ran da aka yi lodi aka kama hanyar Zariya da tsakar rana a watan Afrilu, sai inji ya tafasa. Idan direba ya tsaya nan take, gyaran na bututu ne ko na fanka, kuɗinsa kaɗan. Idan ya ce bari ya ƙarasa, gasket ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe. Sai a sauke shi, a kai a goge, a sayi gasket da sabon baƙin mai, a biya bakanike, motar kuma ta yi kwanaki a gareji. In abin ya yi tsanani sai sayen wani injin. Ciwo ɗaya ne, amma kuɗinsa hawa uku, kuma ƙafar direba ce take zaɓa. Kafin ku biya, ku buɗe murfin wurin zuba baƙin mai. In kun ga farin kumfa kamar madara, alama ce ruwa yana haɗuwa da mai. Ku yi wa mai motar godiya ku tafi.

Na biyu, ƙafafu. Tayoyin gaba ne suke jan Golf. A kan shaf akwai robar da take riƙe giris. Idan ta yage, ƙasa ta shiga, sai ku ji ƙas-ƙas-ƙas wajen shan kwana. Canja robar da wuri ya fi sayen shaf arha nesa ba kusa ba. Na baya kuwa mu ne muke kashe su. Abin da aka yi motar ta ɗauka, da direba da fasinja da kaya, wajen kilo 500 ne. Buhun masara ɗaya kilo 100. Ku lissafa da kanku. Mun ga wadda aka ɗora wa buhu goma, har da akuya a sama, kuma mai ita yana mamakin yadda sifirin da shokazoba suke mutuwa kowane wata.

Da damina wata takan ƙi tashi da safe. Sau da yawa koyil ne ya tsage, laima ta shiga. Wannan ƙaramin abu ne.

Game da kuɗin gyara, kayanta suna da yawa a Panteka, sabo da tsoho, kuma kusan kowane bakanike ya iya ta. Wannan shi ne alherinta. Amma daga waje ake kawo kayan. Tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki kaɗan, darajar naira kuma ta faɗi a wata na gaba, farashin kayan gyara ya bi su. Ku aiki mutum biyu su tambayo farashin lagireto, shaf, faifan kuloci, bel ɗin taimin da injin Beljiyam a makon da za ku saya, su rubuto. Wannan takarda ita za a karanta a taro, ba farashin motar kaɗai ba.

Shawararmu ga waɗannan 'yan'uwa ita ce kada su zuba dukan kuɗin a saye. Su bar kashi ɗaya cikin uku a hannun ma'aji domin gyara, da takardu, da inshora. Direba ya zama ɗaya. Kowace tafiya a biya ta a rubuta, ko da Dattijo ne ya ara, ko an kai Pasto taron gunduma. Mun san wannan yana da nauyin faɗa a cikin ikkilisiya, shi ya sa ya fi kyau a rubuta shi a dokar ƙungiya tun motar ba ta iso ba. Sun koma gida za su fara lissafa abin da suka kashe a hayar mota bara, su gwada shi da takardar Panteka.