Ba Kowane Ciwon Inna Ba Ne Tsufa

A gidajenmu akwai maganar da ke rufe bakin kowa idan tsohuwa ta kasa: "Ai jikin girma ne." Inna ta daina cinye tuwonta, jikin girma ne. Ta wuni tana gyangyaɗi, jikin girma ne. Ta kira jikarta da sunan ƙanwarta da ta rasu, a ce gigin tsufa ya fara. Ita ma ba ta sauƙaƙa wa masu kula da ita, domin ko tana jin jiki, in an tambaye ta sai ta ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Kawaici ne da ta tashi da shi, ga gudun ɗora wa 'ya'ya ɗawainiya. In kuwa matsalar ta shafi fitsari ko bayan gida, ɗanta namiji ba zai ji daga bakinta ba, balle ɗan fari da ko sunansa ba ta faɗa.

Tsufa a hankali yake tafiya, cikin watanni da shekaru. Duk canjin da ya zo tsakanin jiya da yau, ko cikin mako guda, a ɗauke shi ciwo har sai likita ya ce ba shi ba ne. Kuma ba mai ganin irin wannan canji sai wanda ke kwana da tashi da ita. Likitocin da suka ƙware a kan tsofaffi kaɗan ne a Najeriya; cibiyar farko da aka gina dominsu, wadda ke asibitin koyarwa na Ibadan, sai a 2012 aka buɗe ta. A mafi yawan garuruwanmu 'yarta ko surukarta ce nas ɗinta, dare da rana.

Kafin a sayi kowace na'ura, a sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, a ajiye kusa da gadonta. Kullum a rubuta awon da aka yi, maganin da ta sha da lokacinsa, abin da ta ci, ko ta yi bayan gida, da yadda ta kwana. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Likitan da layi ke jiransa a waje mintuna kaɗan gare shi, kuma shafi biyu na wannan littafi sun fi masa amfani a kan dogon labarin da 'ya'ya uku ke bayarwa suna katse juna.

Hawan jini shi ne babban abin tsaro, saboda yawanci ba ya sa ciwon kai, ba ya sa jiri, har sai ya yi ɓarna. Na'urar awo ta batir wadda ake ɗaurawa a dantse ta fi ta wuyan hannu faɗin gaskiya. Amma yadda ake awon ma ilimi ne. Ta fara yin fitsari, ta zauna minti 5 ta jingina bayanta, ƙafafu a ƙasa, hannu a ɗore daidai ƙirji, ba hira. In ta ci goro ko ta sha shayi, a jira rabin awa. Wanda ya auna ta tana tsakiyar yi wa jikoki faɗa, faɗan ya auna. Idan lamba ta kai 140 a sama ko 90 a ƙasa a ranaku daban-daban, a kai littafin ga likita. Idan ta kai 180 bisa 120, a sake awo bayan 'yan mintuna. In bai sauka ba a nemi likita a ranar, in kuma akwai ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko dishi-dishin gani, asibiti ne nan take.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga awo ya yi kyau sai a ce ta warke, a ajiye magani. Maganin ne ya saukar da shi, kuma ranar da aka daina zai fara komawa inda yake. In wani magani yana damunta, a faɗa wa likita ya canza: amlodipine kan kumbura ƙafa, lisinopril kan kawo busasshen tari, kuma duk suna da madadi. Sai batun abin da ke shiga tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba kada ya kai giram 5 a yini, wato kusan cokalin shayi ɗaya. Mai girki kan rage gishiri ta ƙara dunƙulen magi, ta jefa kanwa a miyar kuka, a kawo yaji mai gishiri a gefen kwano. Duka ukun sinadarin da ake gudu a gishiri ne ke cikinsu.

Ciwon gwiwa da na baya kuwa su ke kai mu kemis a ce a haɗo mata magani. A cikin wannan haɗi ake samun diclofenac, ibuprofen ko piroxicam, wani lokaci har da dexamethasone. Ukun farko suna ɗaga jini, suna cin ciki har ya yi jini, suna gajiyar da ƙodar tsoho. Na ƙarshen yana ɗaga suga. Baƙin bayan gida mai kama da kwalta alama ce ta zubar jini a ciki. Duk abin da take sha, har jiƙo da garin magani na gargajiya, a zuba a leda a je da shi asibiti. Ba abin kunya ba ne, kuma likita ba zai iya lissafi da abin da aka ɓoye masa ba.

Ranar da aka ga bakinta ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce. A nan ne ake cewa iska ta buge ta a banɗaki, a rufe ɗaki, a kunna turare, a tura a kira malam. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti. A yi ta a cikin mota. Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, amma a cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Saboda haka a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, a nufi babban asibiti mai na'urar hoton, irin asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika ko na Sakkwato. Kada a ɗura mata ruwa, rubutu ko koko, domin maƙogwaronta ya raunana, abin zai iya bin hanyar huhu. Kada kuma a ba ta asfirin kafin hoto, don wata shanyewar fashewar jijiya ce. Ko alamun sun wuce cikin minti goma ta miƙe tana dariya, a tafi, gargaɗi ne.

Ga mai ciwon suga, abin da aka fi jin tsoro shi ne hawan sugan, alhali faɗuwarsa ta fi saurin kisa. Tsohuwar da ta sha glibenclamide ko aka yi mata insulin, sannan ta ture kwanon abinci, tana iya fara gumi, karkarwa da sambatu. Awo ƙasa da 70 (ko 3.9 a na'urar da ke lissafi da ƙananan lambobi) faɗuwa ce. In tana iya haɗiya, a dama babban cokali ɗaya na sukari ko zuma a ruwa a ba ta, a sake awo bayan minti 15, sannan ta ci abinci. In ta suma, ba abin da za a sa mata a baki. A riƙa duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu kullum, domin suga na kashe jin zafi, ƙaya na iya kwana a ƙafa ba ta sani ba.

Rikicewar da ta zo farat ɗaya ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Uwar da jiya ta lissafa kuɗin adashinta daidai, yau ba ta gane ɗakinta ba, wannan ba gigin tsufa ba ne. Sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko limoniya, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ƙarancin ruwa, kuma jikin tsoho na iya ɗauke da cuta ba tare da ya yi zafi ba. In an magance sanadin, hankali kan dawo. Mantuwar da ke ƙaruwa a hankali cikin shekaru ita ma cutar ƙwaƙwalwa ce, ba maita ba, ba kuma neman rigima ba. Musu da ita ba ya gyara komai.

Ruwa ma sai an bi ta da shi. Jin ƙishirwa na raguwa da shekaru, wasu kuma da gangan suke ƙin sha don kada fitsari ya karya musu alwala. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, wannan na iya kwantar da ita. Fitsari kaɗan mai duhu alama ce. Batun azumi kuwa, shari'a ta ba tsohon da ba ya iyawa damar sha, amma da wuya Hajiya ta karɓi wannan daga bakin ɗan da ta haifa. A kawo malamin da take ganin girmansa ya faɗa mata.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka kai shekara 65 na faɗuwa a kowace shekara. A gidajenmu wuraren sanannu ne: gansakuka a makewayi, dokin ƙofa, gefen tabarma da ya naɗe, fita alwalar asuba cikin duhu. A kankare ƙasan banɗaki, a kafa ƙarfen riƙewa, a samo kujerar bayan gida, a ajiye tocila a gefen matashi. In za ta tashi, ta fara zama a bakin gado minti ɗaya. Idan ta faɗi ta kasa taka ƙafa, a yi hoto kafin a kira mai ɗori. Karayar ƙugu sau da yawa aikin tiyata ce, irin wanda ake yi a asibitin ƙashi na Dala. Wadda ta kwanta ba ta iya juyawa, a juya ta duk awa biyu, a duba ƙugu da dunduniya. Jan da bai gushe ba farkon gyambo ne.

Duk wannan aiki yawanci a kan mace ɗaya yake faɗawa, mai nata 'ya'yan da nata girkin, sauran kuma su turo kuɗi daga Abuja su bugo waya suna tambayar me ya sa Inna ta rame. Wadda ta yi wata uku ba ta yi barcin kirki ba za ta manta magani, wata rana ta ɗaga wa tsohuwa murya. 'Yan'uwa su zauna su raba kwana, su raba ranakun asibiti, maza su ɗauki ɗagawa da kaiwa. A shafin farko na littafin nan a rubuta sunayen magungunanta, lambar katinta na asibiti, da lambar mai mota ko mai adaidaita sahu da zai ɗaga waya ƙarfe biyu na dare, a kuma ware kuɗin da ba a taɓawa sai don wannan.