An Gyara Ta Kam, Amma Ba Ita Ba Ce

Wanda ya taso daga Dabawa ko Kurfi ya hau motar Katsina, da zarar ya wuce Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a kan hanyar Dutsin-Ma, ba ya jimawa sai ga shi a bakin birni. In dattijo ne da ya yi shekaru bai shigo ba, kasa kunne ka ji abin da zai fara faɗi. Ba zai ce gari ya lalace ba, don kuwa ga kwalta shimfiɗe, ga fitilu, ga gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura da aka buɗe a 2023. Zai dai ɗaga kai ya dubi ƙofar gari, ya ɗan yi shiru, ya ce, "An gyara ta kam. Amma ba ita ba ce."

Wannan magana ba ta Katsinawa kaɗai ba ce. Duk inda mutane suka saba zuwa kallo ko shaƙatawa, aka rushe abin da suka sani aka kafa wani a gurbinsa, za ka ji ta. Kanawan da suka yi yawon Sallah a Bagauda zamanin tana wurin hutu, ai har yau in suka wuce suka ga ta koma makarantar horar da lauyoyi sai sun yi tsaki. Amma bari mu fara da nesa, don a can ne abin ya fi fitowa fili, har ya kai ga ban dariya.

A ranar 17 ga Yuli 1955 Walt Disney ya buɗe filin wasansa mai suna Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya a Amurka. Na biyu ya biyo baya a Fulorida a 1971. Wurare ne na lilo da jiragen wasa da gidajen al'ajabi, inda magidanci kan biya kuɗi ya yini da iyalinsa. Cikin abubuwan da suka fi farin jini akwai wani da ake kira Splash Mountain, wanda aka buɗe a Kalifoniya a 1989, a Fulorida kuma a 1992. Dutse ne ƙirar hannu. A zaunar da kai cikin kwalekwale mai siffar gungumen ice, ruwa ya ɗauke ka ya ratsa da kai cikin kogo, ana kiɗa, gumakan zomo da dila suna motsi suna waƙa, can ƙarshe a sako ka daga tsayin kamar mita 15, ka faɗo ka jiƙe sharkaf kana ihu kana dariya. Sai a 2020 kamfanin ya ba da sanarwar zai sauya shi. Dalili kuwa mai nauyi ne: labarin da aka gina wasan a kai ya fito ne daga fim ɗin Song of the South na 1946, wanda aka daɗe ana suka saboda yadda ya nuna zaman baƙaƙen fata a gandayen kudancin Amurka kamar zaman daɗi ne.

Ranar ƙarshe a Fulorida, 22 ga Janairu 2023, mutane suka yi layi na sa'o'i don su hau hawan bankwana. Wasu kuma, su da suka fi kowa wayo, suka zo da kwalabe suka ɗebi ruwan, suka kai kasuwar intanet ta eBay suka sa masa kuɗi. Ruwan famfo fa, mai maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda dubban mutane suka fantsama a ciki. Ba zamzam ba. Na daɗe ina juya wannan labari ina dariya, har ranar da na tuna cewa na san gidan da aka ajiye dunƙulen ƙasar tsohon zauren kakansu a cikin ƙwarya bayan an rushe shi an yi na bulo. Daga ranar na rage dariyar.

Zomon nan ma, in za mu ɗan ratse, ɗan gida ne. Tatsuniyoyinsa bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka tafi da su a baka, wani Bature mai suna Joel Chandler Harris ya tattara su ya buga a wajejen 1880. Ƙaramin da ke kayar da babba da dabara, ai ko yaron da ya yi hira a ɗakin kakarsa ya san shi. A nan Gizo muke ce masa.

Ga inda nake so mai karatu ya tsaya. Da aka sake buɗe wurin a 2024 da sunan Tiana's Bayou Adventure, dutsen yana nan, hanyar ruwan tana nan, gangaren nan na mita 15 bai ragu ba. Labari da waƙoƙi da gumaka aka sauya. Duk da haka masoyan na da suka ce ba shi ba ne. Mu kuma a nan akasin haka aka yi mana: sunan ƙofa yana nan, labarinta yana nan, jikinta ne aka musanya da siminti da ƙarfe. Mu ma muka ce ba ita ba ce. To mene ne "ita" ɗin?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce wai mutane tsufan abu suke so, wai abin da ke ransu shi ne ginin asali da ba a taɓa ba tun zamanin kakanni. Wannan magana tana gundurata, don duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ƙasa ya san ba ta da tushe. Je ka Hasumiyar Gobarau ka tsaya kusa da masu kai baƙi, za ka ji ana cewa, "Ka ga wannan, yadda aka gina ta shekara ɗari shida haka take." Ina! Ana dai danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma ta yi zamanta na masallaci da wurin karatu. Amma ta zube ƙwarai bayan an daina salla a wurin, kuma a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka sake ɗaga ta. Tun daga nan an yaɓe ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Fatar da kake shafawa yau ba ta ga Korau ba, ba ta ma ga Dikko ba. Ginin ƙasar da ba a taɓa shi shekara ɗari shida ba, sunansa tudu. Amma ka taɓa jin Bakatsine ya dubi Gobarau ya ce ba ita ba ce?

Sirrin yana cikin yaɓe, kuma a nan zan ɗan daɗe, don ni a ganina ba a yi wa wannan sana'a adalci ba. Magini na gargajiya ba ya gina abu ya tafi. Yakan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a tattake ta, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali da hannu, mai gindi da tsini kamar ƙwai, a shanya. A jera su tsaye, a cike tsakaninsu da kwaɓi, bango ya tashi da kauri a ƙasa yana sirancewa sama. Rufi kuwa sai azara, wadda ake tsagawa daga giginya, don gara ba ta cinta. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta yi yawa, sai magina suka ƙago bakan gizo: a riƙa ɗora azara kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangare biyu su haɗu a sama. Duk wani soro mai faɗi da ka shiga ka ji sanyi ya ratsa ka, wannan dabara ce ke riƙe da shi a kanka.

Sai maganar ruwa, babban abokin gabar ƙasa. Nan ma ba a zauna ba. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa da ƙasa a shafe bango, ya yi duhu-duhu yana tore ruwa. Akwai laso, wanda ya fi ta ƙarfi, kuma haɗinsa kaɗai ya isa ya nuna maka yadda sana'o'in birni suke cin gajiyar juna: katsi daga gindin karofin marina, gashin jima daga majema, da dafara daga daji. Abin da marini ya zubar da abin da majemi ya kankare, su ne rufin soron attajiri. A sa indararo ya kai ruwa nesa da bango, a ɗaga zanko a kusurwa. Duk da haka damina ba ta barin bashi. Kowace shekara sai ta ɗan ci, kowace shekara kuma, in kaka ta wuce, sai a sake yaɓewa. Ganuwa ma haka aka riƙa yi mata, aikin gayya ne, ana raba wa unguwanni da garuruwa kowa da rabonsa.

Ka ga ke nan ginin ƙasa kullum cikin sabuntawa yake, amma hannun da ke sabunta shi ɗan wanda ya yaɓe shi bara ne, ko yaronsa, da ƙasar kududdufin da aka ɗiba tun farko, bisa layin da na jiya ya bari. Sauyin yana tafiya kaɗan-kaɗan yadda fuskar mahaifinka ke sauyawa ba ka lura ba. Mutanen Jenne a ƙasar Mali sun mai da wannan aiki biki: babban masallacinsu, wanda ginin yanzu na 1907 ne, duk shekara gari kan fito a yaɓe shi, itatuwan da aka kakkafa a jikinsa su ne matakala. A 2006, da aka ga wasu baƙin masana suna bincike a kan rufinsa ba tare da jama'a sun san abin da ake ciki ba, sai da aka yi tarzoma a garin. Kuma gyara suka zo yi.

Wani kuskure mai ɓarna ƙwarai shi ne cewa in kana son tsohon bango ya daɗe, ka shafe shi da siminti. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa. Ƙasa tana shan laima tana fitarwa. Siminti ba ya tafiya tare da ita, sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasa ta jiƙe a ɓoye. Daga waje bango sumul, har ranar da zai zubo gaba ɗaya. Je ka tsofaffin unguwanni bayan ruwan Agusta ka ƙirga.

Me ya sa ake rushe ƙofofin, wannan ba sai an tsawaita ba. An yi su ne da gangan ƙuntatattu, daidai raƙumi da kayansa ko mahayi da dokinsa, don a iya rufewa da dare a kuma tare maƙiyi. Tirela ba ta san wannan ba. A Kano an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, aka yi ta ce-ce-ku-ce, aka gina wata ta zamani. Tsohon masallacin Juma'a na ƙasa da ke kusa da Gidan Rumfa tuni ya ba da wuri ga na yanzu tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ba na cikin masu cewa a bar mai naƙuda cikin cunkoso don a adana bango. Abin da ke ba ni haushi shi ne, sau da yawa ana iya kewaye tsohuwar ƙofa da titi a bar ta tsaye a gefe, sai a zaɓi a share ta a kafa mai kama da ita, a yi mata zanko na kankare, a zana dagi, a shafa fenti ruwan ƙasa. Mutanen ƙasar Dutsin-Ma suna da haƙƙin yin magana a nan, tun da hakiminsu shi ne 'Yandakan Katsina, kuma ta Ƙofar 'Yandaka Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shiga birnin Katsina a 1903. Yaron da aka nuna wa ƙofa mai faɗin da motoci ke wucewa bibbiyu, ta yaya zai gane abin da ake nufi da a buɗe wa baƙo ƙofa ko a hana shi?

Zazzagawa sun bi wata hanya ta uku, kuma har yanzu ban gama yanke hukunci a kanta ba. Masallacin Juma'a na Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarim, wajejen shekarun 1830, kuma masana gini na duniya suna lissafa shi cikin mafi kyawun abin da aka yi da ƙasa a Afirka. A shekarun 1970, da jama'a suka yi yawa, aka tayar da sabon gini na kankare aka lulluɓe tsohon a cikinsa. An rasa wasu sassa na harabar, amma zuciyar ginin ta tsira. Ruwan sama ba ya taɓa ta yanzu, saboda haka ba ta bukatar yaɓen shekara-shekara, ba ta kuma tara magina da yaransu kamar da. Daga titi ba abin da za ka gani sai masallaci irin na ko'ina. Sai ka cire takalmi ka shiga, ka jira idonka ya saba da duhun, sannan ka ɗaga kai ka ga bakan gizon Babban Gwani suna tasowa daga ginshiƙai suna haɗuwa a sama, da zanen da aka yi da yatsa a jikin ɗanyar ƙasa.